Asabar: Gorar da Ta Ketare Katanga

Maƙwabcina ya ƙwanƙwasa min ƙofa da hantsi, riƙe da wata doguwar saiwa mai gaɓa-gaɓa da ya tono a fangalin kayan lambunsa. Ya ce, "Malam, kai da ke ta'ammali da gora, duba min wannan." Na ce, "Baba, mu je in ga uwar tukuna, saiwa kaɗai ba za ta gaya min sunanta ba."

Gorar tana can kusurwar gidansa, taku da yawa daga inda ya yi tonon. Na shafa karan da babban yatsa, sai na ji kwarmi ya bi gefe ɗaya na gaɓar daga sama har ƙasa, a gaɓa ta gaba kuma ya koma ɗaya gefen. Na duba rassan: bibbiyu ne a kowace gaɓa, ɗaya ya fi ɗaya kauri. Waɗannan alamu biyu sun isa, dangin gorar da masana ke kira Phyllostachys ce. Da na ga kwarmin ruwan ɗorawa ne a jikin kore, wasu karan kuma sun ɗan karkace daga gindi kafin su miƙe, na ce masa nau'in da ake kira aureosulcata ce a cikin dangin. Tana jure sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, amma mai yawo ce. Saiwarta na tafiya kwance a ƙarƙashin ƙasa, ta ɓullo inda ta ga dama, ba ruwanta da katangar kowa.

Abin da ke ci min rai ke nan da masu sayar da tsirrai. Za su rubuta cewa gora na jure hunturu, su yi shiru a kan ko mai yawo ce ko mai zama a dunƙule, alhali wannan ne zai haɗa mutum faɗa da maƙwabta nan da 'yan shekaru. Na shawarci Baba ya haƙa rami kewaye da ita, zurfin santimita 60 zuwa 70, ya kafa roba mai kauri, ya bar kamar santimita 5 a sama don ya riƙa ganin saiwar da ke neman haurawa ya datse ta.

Da la'asar na koma kan tawa. Fargesia murielae ce, daga tsaunukan ƙasar Sin, dangin da dabbar panda ke ci. Karanta sirara ne, babu kwarmi, rassa da yawa a gaɓa ɗaya, kuma duk shekara kaɗan take faɗaɗa. Zafin rana ne ba ta so, shi ya sa na ba ta inuwa. Ernest Wilson, wani Bature mai tattara tsirrai, shi ne ya samo ta a lardin Hubei a 1907, aka sa mata sunan 'yarsa Muriel. Da yake kusan duk wadda aka shuka a Turai daga tushe ɗaya aka yi ta rabawa, da lokacin furenta ya zo sai suka yi fure kusan tare, galibi a shekarun 1990, suka mutu. Waɗanda ake samu yanzu daga irin da suka zubar ne. Duk sanda na tuna wannan sai in ƙara ganin girmanta.

Na shayar da ita sosai. Mutane na zaton ƙanƙara ce ke ƙona ganyen gora, amma sau da yawa ƙishirwa ce: ganyen na nan kore duk hunturu, iska na busar da shi, ƙasa kuma ta daskare, saiwa ba ta iya jan ruwa. Idan ganyen Fargesia ya nannaɗe a ranar sanyi, tattalin ruwa take yi, ba mutuwa ba. Na tara busasshen ganye mai kauri a gindinta, har da nata da ta zubar, don ba na share shi. Wata gorar da nake da ita cikin tukunya kuwa, na ja ta jikin bango na naɗe tukunyar da buhu, domin saiwar da ke tukunya ta fi saurin daskarewa.

Gobe da safe zan kai wa Baba shebur mu fara ramin, kafin ƙasa ta yi tauri.