Yadda nake saita sikima a tankin murjanina

Duk wanda ya kafa tankin ruwan gishiri domin kiwon murjani (halittun teku masu rai da yawancinsu ke gina jiki mai tauri kamar dutse) da kifayen teku zai tarar cewa na'urar da ta fi cin lokacinsa a watannin farko ita ce sikima, wadda ke tsame dauɗa daga ruwa ta hanyar kumfa. Famfonta yana zuƙo ruwa da iska a lokaci guda, sai wata farfela mai tsinke-tsinke kamar allurai ta farfasa iskar ta koma ƙananan ƙwayoyi. Furotin da maiƙo da sauran abin da ya narke daga kashin kifi da ragowar abinci suna mannewa a jikin ƙwayoyin nan, kumfar ta hau ta wuyan na'urar ta zube cikin kofin da ke samanta. Da haka ake fitar da dauɗar tun kafin ta ruɓe ta koma naitiret da fosfet, wato sinadaran da ke taruwa a ruwa idan dauɗa ta ruɓe. Gishirin ruwan ne ke hana ƙwayoyin iskar haɗewa su zama manya, shi ya sa wannan dabara ba ta yin tasiri sosai a tankin da babu gishiri.

Lokacin da na sayi tawa, na shafe kwanaki ina murɗa bawul ɗin da ruwa ke fita ta cikinsa, safe da yamma, domin wani lokaci kumfar ta kwanta can ƙasa, wani lokaci kuma ta cika kofi cikin minti goma da ruwa fari fat. Daga baya na gane cewa sabuwar sikima tana ɗauke da ragowar mai na masana'anta a jikin robarta, kuma sai ta yi mako ɗaya zuwa biyu tana aiki kafin wani siririn yauƙi ya rufe cikinta kumfar ta daidaita. A wannan tsakani babu amfanin saiti. Abin da ya dace shi ne a buɗe bawul ɗin sosai, a bar kumfar a ƙasa, a ƙyale ta.

Babban abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne tsayin ruwan da sikimar ke zaune a ciki. Yawancin waɗanda ake sawa a tankin ƙasa, wato tanki na biyu da ke ƙarƙashin babban tankin inda ake ajiye na'urorin tace ruwa, an ƙera su ne su yi aiki a zurfin da bai wuce santimita 15 zuwa 23 ba, kuma kowane kamfani yana rubuta nasa adadin a takardar da ke zuwa da na'urar. Idan ruwan ya hau ko ya sauka da santimita ɗaya kawai, wurin da kumfar ke tsayawa a wuya yana canzawa. Na ga haka da idona wata rana da aka ɗauke wuta, ruwan saman tankin ya gangaro ya cika tankin ƙasa, wutar tana dawowa sikimar ta tashi a cikin ruwan da ya fi ƙarfinta, ta mayar da baƙar dauɗar mako guda cikin tanki. Murjanin sun tsuke jikinsu har washegari, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Tun daga ranar na ɗora ta a kan ƙaramin dandamali a sashen da tsayin ruwansa ba ya motsi, na sa na'urar da ke cike gurbin ruwan da ya ƙafe, na kuma sa mata jinkirin minti biyar kafin ta kunnu bayan dawowar wuta.

Sai bayan an tabbatar da wannan ake zuwa ga saitin kansa. Ina rufe bawul ɗin kaɗan-kaɗan har layin da ƙananan ƙwayoyi ke rikiɗewa su zama kumfa mai kauri ya iso gindin wuya, daidai inda kofi ya haɗu da jikin na'urar, sannan in janye hannuna sai bayan awa 24. Idan layin ya hau sama, abin da ke taruwa zai zama ruwa-ruwa mai launin shayi marar kauri. Idan ya sauka, zai zama baƙi kamar gahawa, mai kauri da wari, amma kaɗan. Ni na fi son tsakiya, launin shayin da ya dahu sosai. Mai ruwa-ruwan yana kwashe ruwan gishiri da yawa, na'urar cikewa kuma tana maye gurbinsa da ruwa marar gishiri, sai ma'aunin gishirin ruwan ya zame ƙasa daga 1.026 da nake so ya tsaya a kai ba tare da mutum ya lura ba. Mai kaurin kuwa yana daskarewa a wuya ya hana kumfa hawa, don haka nake wanke wuyan sau biyu a mako.

Akwai abubuwan da ke rikita kumfa na ɗan lokaci waɗanda ba su buƙatar a taɓa bawul. Abincin kifi mai maiƙo, ko hannun da aka tsoma a ruwa, yana kwantar da kumfa na awa ɗaya ko biyu, sannan ta dawo da kanta. Gam ɗin liƙa murjani, da sabon ƙyallen tace ruwa da ba a ɗauraye ba, da wasu magunguna, su kuma suna sa ta yi ambaliya. Idan kumfa ta ragu a hankali cikin makonni, nakan fara duba bututun iska, domin gishiri da ƙura suna toshe shi, kuma barinsa ya zuƙi ɗan ruwan ɗumi marar gishiri yana buɗe shi. Famfon kuma nakan jiƙa shi a ruwan khal duk bayan watanni kaɗan domin narkar da farar ƙasar da ta kama farfela.

A bara ne na fara rage ƙarfin tawa da gangan, bayan gwaji ya nuna naitiret da fosfet sun kusa ɓacewa, launin murjanin kuma ya koɗe, domin su ma suna buƙatar kaɗan daga cikin waɗannan sinadarai. Ban kashe ta ba, saboda iskar da take shigarwa cikin ruwa tana da muhimmanci musamman da dare, lokacin da fitilu ke kashe. Na sauke layin kumfar ne da kusan santimita ɗaya, na ƙara abinci kaɗan, kuma cikin makonni launinsu ya fara dawowa daga gindi zuwa kan rassa.