Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙullin Kayan Iya

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baba. Zancen aurena na zauna in rubuta yau, amma Iya ta tare min hanya.

"Ku tambaye ni ko ni wace ce, kafin ku tambaye ni ina ke ciwo." Haka take cewa duk ranar da muka ɗauko ta daga unguwar Aboabo, a ƙasar Ghana, zuwa asibiti. Lokacin an samu katin inshorar lafiya, wanda aka yi dokarsa a 2003 zamanin Shugaba Kufuor, kuma wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara. Magani kam ya samu. Mai sauraro ne babu.

Da gigin tsufa ya kama ta, kullum la'asar sai ta ƙulle kayanta a zani, ta tsaya bakin ƙofa, wai mota za ta tashi. Wata nas, har gobe abin na ci min rai, ta daka mata tsawa da yaren Tonawa, wato Ashanti, aka ƙara mata maganin barci. Matar Kawu kuwa ta fara raɗe-raɗin maita a Zango. Ta san kanta.

Ni ma ban gane ba, Allah Ya yafe min. Sai wani ɗalibin likita, ɗan Tamale mai jin Hausa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ina za mu?" Ta ce, "Ɗan nan, Busia ya ba mu mako biyu." Ashe tana can Nuwamban 1969, lokacin da Firayim Minista Busia ya kafa dokar korar baƙi marasa takarda. Ƙanwarta ta bi motar 'yan goro zuwa Kano, ba su sake ganin juna ba. A ɗakinta na tashi, a tabarmarta na kwana, ban taɓa tambayarta ba!

Ɗalibin ya ce mu daina ƙwace ƙullin. La'asar na yi, in zauna kusa da ita, in tambaye ta labarin ƙanwar, mu ja waƙen begen da suke yi tare a Maulidi. Da hannunta take kwancewa. Aka rage maganin barcin, ta koma cin tuwonta.

Ko ni wace ce. Bara da aka kwantar da ni kan hawan jini, maganar ce ta yi ta dawo min a kan gado.

Zanin yana akwatina. Matar Kawu ta nema ranar rabon gado, na hana.