Yadda nake gode wa 'yan jarida a sana'ar kilishi

Mai kilishi a Ngaundere ba ya rasa ciniki muddin jirgin ƙasa na tashi zuwa Yawunde da yamma, domin fasinja ba ya son ya sauka kudu hannu rabbana. Sai dai muna da yawa a sana'ar, kuma kusan iri ɗaya muke naɗe kayan. Abin da kan sa baƙo ya nemi rumfarka da suna shi ne ya taɓa jin muryarka a rediyo, ko wani ya tura masa bidiyonka a WhatsApp. Kuɗin talla kuwa ya fi ƙarfin irinmu. Dole ce ta sa na koyi zama da 'yan jarida.

Kowa a Kamaru ya san gombo, ambulan ɗin da ake miƙa wa ɗan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. Ba na zagin mai karɓa. Da yawa daga cikin yaran da ke yawo da rikoda a gidajen rediyo masu zaman kansu ba su da tsayayyen albashi, kuma daga aljihunsu suke biyan babur. Amma na lura ambulan rahoto ɗaya take saye, ta ƙare ranar da aka watsa shi. Gobe maƙwabcinka ya ba da wadda ta fi taka kauri, shi za a ji. Masu sauraro ma ba yara ba ne, suna gane yabon da aka biya. Idan sanarwa nake so, ofis nake zuwa in biya, a ba ni rasit, a karanta da Faransanci da Fulatanci da Hausa. Wannan ciniki ne a fili, ba na haɗa shi da godiya.

Godiyar da na ga tana aiki ita ce ka gaya wa mutum abin da aikinsa ya haifar. Bayan wata hira da aka yi da ni a kan tsadar nama, na bari kwana biyu suka wuce, sannan na aika wa wakilin saƙon murya: "Malam, Allah ya saka da alheri. Wata Hajiya ta kira daga Garwa, ta ce a shirinka ta ji mu." Ya ce mini yawanci ba a kiransu sai an yi kuskure a suna ko ana neman a janye magana. Shi da ke magana cikin makirfo bai san ko wa ya ji ba, sai an faɗa masa. Na kuma ɗora shirin a Facebook da sunansa da sunan tasharsu, saboda shugabansa na dubawa, kuma wannan ya fi masa amfani da ƙullin kilishi.

Ƙullin ma ina bayarwa, yaba kyauta tukuici. Amma sai bayan an watsa, ba kafin ba, kuma har da mai ɗaukar hoto da direba, waɗanda suka sha rana tare da shi ba wanda ya ambaci sunansu. Akwai wanda ya taɓa mayar mini da nawa, ya ce dokar gidansu ta hana. Ban matsa ba, har yau muna gaisawa.

Abin da ya fi komai ɗaure zumuncin shi ne ɗaga waya a ranar da labarin ba nawa ba ne. Gab da babbar Sallah, ko lokacin rani da shanu suka rame farashi ya tashi a kasuwanni irin su Ngawi, ɗan jarida na neman wanda zai faɗa masa gaskiyar farashi kafin lokacin labarai. In na sani na faɗa. In ban sani ba na haɗa shi da mahauci ko dillalin da ya sani, ko da sunana ba zai fito ba. Wanda ya shirga masa ƙarya sau ɗaya don ya kambama kansa, ya fita daga wayarsa ke nan, domin ɗan jaridar za a tsare da tambayoyi a ofis.

Ranar 13 ga Fabrairu ta rediyo ce, 3 ga Mayu kuma ta 'yancin jarida. Nakan gaishe su a ranakun, ban cusa wani roƙo a ciki ba. Bana na ƙara da wata yarinya da ke koyon aiki, wadda aka turo rumfata saboda manyan sun tafi rakiyar gwamna. Tambayoyinta sun fi nasu tsari, ta ma tambayi nawa yaran shagona ke samu a wata, abin da ba wanda ya taɓa tambayata. Na rubuta wa shugaban tasharsu takarda na faɗa masa haka.