Sake cika kwanson harsashi a gida, da abin da ke fasa bindigar farauta

Kusan duk mai riƙe da bindiga kalibar 12 a Maraɗi ya taɓa yin wannan tunani: kartush ya yi tsada, ba kullum ake samunsa ba, ga kwanson da aka harba yana zube a daji. Me zai hana a tsince shi a sake cikawa? Wasu kuma sun kalli Amurkawa a YouTube suna yi a ɗakin ajiyar motarsu, abin sai ya zama kamar wasa. Shawarata ita ce kada a yi, kuma zan kawo dalili da lissafi, domin "hatsari ne" kawai ba ya hana maharbi abin da ya yi niyya.

Mu fara da abin da ke cikin kartush. Akwai kwanson roba mai gindin ƙarfe. A tsakiyar gindin akwai ɗan ƙaramin ido da allurar bindiga ke bugawa ya ba da wuta. Sai albarushi, sai toshiyar roba mai kamar ƙoƙo, sai ƙwayoyin dalma, galibi giram 32 zuwa 36, sannan a naɗe baki. Albarushin da ke tura duk wannan dalmar kaɗan ne ƙwarai, wajen giram biyu ko ƙasa da haka. Amma idan ya kama, ƙarfin da yake yi a cikin bututu ya wuce tunani. Hukumar CIP, wadda aka kafa a Liyej ta Beljiyam a 1914 don gwajin bindigogi, ta sa iyakar ƙarfin harsashin 12/70, wato kalibar 12 mai kwanson milimita 70, a bar 740 (bar shi ne awon ƙarfin matsi), na 12/76 kuma bar 1050. Tayar ƙaramar mota bar biyu da ɗoriya ake hura mata, ka ga kenan ninki ɗari uku ne, kuma a tazarar taƙi ɗaya da idonka, hannunka na hagu yana riƙe da bututun.

Masu yin wannan a Amurka da Turai ba da ido suke yi ba. Suna da injin matsawa da ke mayar da gindin kwanson daidai girmansa, da sikeli mai auna abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba. Abin da ya fi injin muhimmanci shi ne jadawalin da kamfanin albarushin ya fitar bayan ya gwada a bututu mai auna ƙarfi: kwanso iri kaza, da ido iri kaza, da toshiya iri kaza, da albarushi mai suna kaza. Ƙa'idarsu ita ce ba a musanya ko ɗaya. In aka canza idon kawai, ko toshiyar, ƙarfin yana iya tsallake iyaka alhali awon albarushin bai canza ba. Kuma harsashin dalma ba ya yin gargaɗi. Kwanson zai fito lafiya ƙalau yau da gobe, bindiga tana shan wahala a ɓoye, har ranar da za ta buɗe.

To a nan me ake da shi? Albarushin da ba a san sunansa ba, wanda aka zazzage daga harsasai iri-iri aka haɗa a gwangwani ɗaya. Launinsu na iya zama ɗaya, amma wani yana ci da sauri, wani a hankali, kuma ba mai iya bambancewa da kallo. Mudun awo kuwa marfin kwalba ne ko kwanson da aka yanke. Toshiya tsumma ce ko takarda. In an danna ta da yawa ƙarfi ya hau, in ta yi sako-sako wuta ta zarce ta gefe, harbi ya yi rauni, toshiyar ta tsaya a tsakiyar bututu. Wannan na biyun ya fi yaudarar mutane, domin harbin da ya yi "fus" ba ya tsorata kowa. Maharbi sai ya ɓalle bindiga ya sa wani da sauri don kada zabi su tashi, harbi na biyu ya tarar da hanya a toshe. Daidai wurin bututun yake kumbura ko ya tsage, kuma sau da yawa wurin yana kusa da inda yatsu suke.

Idon da aka riga aka buga kuwa ya mutu. Masu ƙoƙarin tayar da shi su ne ake kaiwa likita da fuska a ƙone, ba zan ma shiga bayaninsa ba.

Akwai kuma batun dalma. Masu narka ta daga tsohon batirin mota a tsakar gida suna sa iyalinsu cikin abin da ba su sani ba. Ƙurarta da hayaƙinta suna sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe, kuma ba ta barin jiki da wuri. Nan maƙwabtanmu Zamfara, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Dalma ɗaya ce, ko daga dutse ta fito ko daga batir.

Yanzu ga inda ya kamata ƙoƙari ya tafi, domin ko da harsashin kamfani bindiga tana iya lalacewa.

Ka san tsawon ɗakin harsashin bindigarka. In ka cire katakon gaba ka duba ƙarƙashin bututu, za ka ga an buga 12/65, ko 12/70, ko 12/76. Lambar ta biyu tsawon kwanso ce da milimita bayan an harba bakinsa ya buɗe, kafin harbi kuwa ya fi haka gajarta. Shi ya sa harsashin 76 yake shiga ɗakin 70 sumul, bindiga ta rufe, mutum ya ce ai ya shiga. Da an harba, bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa sai cikin ƙuncin bututu, ga shi dama harsashin bar 1050 ne a bindigar da aka yi don 740. Gajere a dogon ɗaki ba komai, dogo a gajeren ɗaki ne haram. Tsofaffin bindigogin Faransa irin Simplex ta Manufrance, wadda aka ƙera a Santetiyan, da yawansu sun girmi masu riƙe da su, kuma cikin irin waɗannan tsofaffi akwai masu ɗakin 65. Baikal ta Rasha mai baki ɗaya tana da ƙwari, amma ita ma akwai mai 70 akwai mai 76, sai an duba. In lambar ta goge, a tsaya a kan harsashi mafi gajarta kuma mafi sauƙin dalma.

Kada kalibar 16 ko 20 ya kwana a jaka ɗaya da kalibar 12. Harsashin 20, wanda galibi rawaya ne, yana zamewa ya wuce ɗakin 12 ya maƙale a gaba, ya bar wurin da wani harsashin zai shiga a bayansa. Mai bindiga ya ja kunama bai ji komai ba, ya buɗe ya ga ɗaki wayam, ya ɗauka ya manta bai sa ba, ya sa na 12. Harsashi biyu kenan a bututu ɗaya.

Ajiyar harsashi a garin nan tana da abokan gaba biyu. Na farko zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40 a inuwa. Cikin motar da aka rufe a rana kan kai 60 ko fiye, kuma ɗakin kwano marar silin bai fi ta sauƙi sosai ba. Albarushi mai zafi yana ci da ƙarfi fiye da mai sanyi, kuma zafi mai maimaituwa yana tsufar da shi. Na biyu raɓar Agusta, wadda ke shiga ta naɗin baki. Gindin harsashin da kake gani kamar tagulla, a mafi yawan na yanzu ƙarfe ne aka shafa wa launi, ka gwada da maganaɗisu ka gani. Yana tsatsa, in ya yi tsatsa ya kumbura, ya ƙi shiga ko ya ƙi fita. Magani mai sauƙi ne: a bar harsashi a kwalinsa, a sa a akwatin ƙarfe mai rufuwa da kyau, a jefa 'yan ƙunshin nan na shanye laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a ɗora akwatin a kan katako nesa da ƙasa da bango, a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi. Ɗakin ƙasa ya fi na siminti a wannan fanni. A rubuta watan da aka saya a jikin kwali, a fara harba tsoho. A sa kwaɗo, kuma bindiga daban harsashi daban, saboda yara.

Kafin fita, a juya kowane harsashi a hannu. Wanda robarsa ta tsage ko ta kumbura, wanda bakinsa ya buɗe har dalma na motsi, wanda ya jiƙe a bakin tafkin Madarunfa ko da ya bushe daga baya, duk a ware su. Mai shanya jiƙaƙƙen harsashi kusa da murhu kuma, Allah ya shirye shi.

In ka ja kunama bindiga ta yi shiru, kada ka buɗe nan take. Wani lokaci idon yana jinkiri. Ka riƙe bakin bindiga yana kallon inda ba kowa, ka ƙirga talatin a hankali, sannan ka buɗe fuskarka a gefe. Ka duba idon. In allura ta buga shi sosai, harsashin ne ya mutu. In ɗan tabo ne kawai, laifin bindiga ne, ko allura ta cinye, ko sifirin ya gaji, ko datti ya daskare a raminta. Haka duk harbin da ƙararsa ta bambanta da wadda ka saba, ka buɗe, ka cire kwanso, ka leƙa bututu ta baya sai ka ga haske zagaye tas.

Wannan leƙen ya zama ɗabi'a ko ba a yi harbi ba. Bindigar da aka jingine a lungu tun farkon damina, zanzaro yana son bakinta. Yakan shiga kamar tsawon yatsa ya gina ɗakinsa na laka, ya cika shi da tsutsa ya liƙe, daga waje kuwa ba abin da za ka gani sai baƙin rami. Lakar nan ta isa ta fasa bakin bututu. Haka yashin gulbi in mutum ya yi tuntuɓe bakin bindiga ya caki ƙasa. Masu toshe baki da tsumma don hana zanzaro kuma sun sayi wata matsalar, domin tsumma yana riƙe laima ya ci ƙarfe, ga mantuwa ranar da aka fita da gaggawa. Jakar yadi mai ɗaurin baki ta fi. Jakar leda ko ta fata tana sa ƙarfe gumi.

Wanke bututu ba ya cin rabin awa. A tabbatar ba harsashi, a cire katakon gaba, a raba bututu da gindi. A shigar da sanda ta baya, sandar katako ko ta tagulla, kada ta ƙarfe. A fara da tsumman auduga da aka jiƙa da kananzir, a bar shi minti goma, sannan buroshin tagulla kamar sau goma, daga baya har ya fita ta baki kafin a jawo. Kusa da ɗakin harsashi ne roba da dalma ke liƙewa, nan za a fi dagewa. Sai busasshen tsumma, ana canzawa har ya fito fari, a ƙare da tsumma mai ɗigo uku ko huɗu na man keken ɗinki. Man gyaɗa, duk da muna garinsa, ba na bindiga ba ne: yana daskarewa ya zama danƙo ya riƙe allura. Baƙin mai na mota yana ɗauke da dattin inji. Da hunturu a rage mai sosai, a shafa a goge, don ƙurar Disamba da Janairu in ta haɗu da mai sai ta riƙa cin mahaɗin bindiga duk buɗewa da rufewa. Da damina a ƙara kaɗan, a riƙa dubawa duk sati biyu. A jingine ta baki ƙasa a kan katako, don man kada ya gangara cikin ƙota ya ruɓar da ita.

Mahaɗin ma a gwada shi. A rufe bindiga ba katakon gaba, a riƙe ƙota a girgiza. In ana jin ƙas-ƙas, ko takardar littafi tana shiga tsakanin bututu da fuskar gindi, ta saki, a daina harbawa. In aka leƙa bututu aka ga inuwa zagaye kamar zobe, kumburi ne. Walda ba ta gyara wannan, tana ƙara raunana ƙarfen ne.

Masu bindigar gargajiya mai ɗuri ta baki, abu ɗaya zan nanata muku. Kada a kwance kartush a zuba albarushinsa a irin taku. Baƙin albarushi mai hayaƙi da na kartush ba jinsi ɗaya ba ne, kuma bututun maƙera, balle wanda aka yi da famfon ruwa, ba zai ɗauki na kartush ba ko kaɗan ne. Dattin baƙin albarushi kuma yana jan laima, don haka a wanke shi ranar da aka harba, da ruwan zafi, a busar sosai kafin a sa mai.

Sai doka. Riƙe bindiga a Nijar sai da takardar izinin ma'aikatar cikin gida, farauta kuma tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, izininta yana hannun ma'aikatan gandun daji, kuma wurare irin gandun namun daji na Gadabeji ba a harbi a cikinsu sam. Takardar riƙe bindiga ba ta ba kowa damar haɗa harsashi ba. Da halin da ake ciki a yankunan Madarunfa da Gidan Runji saboda 'yan bindigar bakin iyaka, jandarma in suka tarar da buhun kwanso da gwangwanin albarushi a ɗakin mutum, ba za su tsaya tambayarsa ko zabi yake harbi ba. Kwanson da ka harba ka tsince shi don kada dabbobi su haɗiye, ka murƙushe bakinsa yadda wani ba zai iya cika shi ba. Harsashin da ya ƙi tashi kuwa kada a jefa shi a wuta ko a bola inda yara ke tone-tone, a ware shi a cikin akwati mai kwaɗo har a miƙa wa hukuma.