Abin da ɗan TP yake rubutawa bayan an tashi

Duk ɗalibin kwalejin ilimi da aka turo makarantarmu koyon koyarwa, wato TP, yana zuwa da littafin shirin darasi, tsaf da shi: manufa, kayan aiki, abin da yara suka riga suka sani, gabatarwa, mataki na ɗaya, mataki na biyu, auna fahimta. Hedimasta ya sa hannu, sufabaiza ya zo daga kwaleji ya duba ya ba da maki. Ba ni da ja da wannan littafi. Sai dai duk abin da ke cikinsa an rubuta shi ne kafin a shiga aji, tun yara ba su buɗe baki ba. Abin da ya faru bayan sun buɗe bakin kuwa, ba inda ake ajiye shi.

Shi ya sa duk ɗan TP da aka haɗa ni da shi nake miƙa masa ƙaramin littafin rubutu, in ce kafin ya kama hanyar gida ya zaɓi darasi ɗaya cikin na ranar, ya rubuta abin da ya auku. Ko layi goma ne ya isa.

A makon farko kusan abu ɗaya suke rubutawa: "Alhamdulillahi darasi ya tafi lafiya, yara sun gane." Sai in rubuta a ƙasa: wane yaro ne ya gane, me ya ce da ya sa ka san ya gane? Daga nan ake fara samun magana.

Wata ɗaliba da ta riƙe mana aji uku ta koyar da ɗebewa mai aro. Ta ba su 52 a ɗebe 27, yara da yawa suka rubuta 35. A da, jan biro za ta sa ta wuce. Da ta zauna rubutu sai ta lura ba kame-kame suka yi ba, duk hanya ɗaya suka bi: a kowane layi suna cire ƙaramar lamba daga babba, 2 daga 7, sannan 2 daga 5. Ta kuma rubuta cewa cikin masu 35 ɗin har da yarinyar da ke tallan gyaɗa da yamma, wadda ba ta taɓa kuskuren canji. Washegari ta tambaye ta yadda take yi. Ashe yarinyar hawa take yi, ba sauka ba: daga 27 zuwa 30 uku, zuwa 50 ashirin, a ƙara biyu, 25 ke nan. Da wannan ɗalibar ta sake gina darasin, daga baya ta dawo kan aro. Ni da na daɗe da alli a hannu, ban taɓa jin an bayyana kuskuren nan dalla-dalla haka ba.

Ranar Alhamis mukan zauna, kowa ya karanta wa 'yan uwansa shafi ɗaya. Sharaɗi biyu ne: ba a ambaton sunan yaro, kuma ba na ba da maki. Ranar da aka ɗora maki a kai, ranar za a fara kwafar na juna, kowane darasi kuma ya koma tafiya lafiya. Akwai kuma kunya. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai dubi tsabar idon wadda ta yi sa'ar mahaifiyarsa ya ce, "Malama, yau aji ya fi ƙarfina" ba. Amma zai iya rubutawa, ya karanta kansa a sunkuye, na kusa da shi ya ce shi ma haka ta same shi ranar Talata.

Hukumomi dai ba mu rasa su ba. An kafa NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, a Kaduna a 1976, shekarar da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka cika maƙil. NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta zo a 1989, TRCN mai yi wa malamai rajista a 1993, kuma NCE, takardar malanta da kwalejojin ilimi ke bayarwa, ita ce mafi ƙarancin shaidar da aka yarda a shiga aji da ita. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 cikin kusan 33,000 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu, aka yi ta cece-kuce. Irin wannan jarrabawa tana nuna ko malami ya san amsar 52 a ɗebe 27, kuma dole ya sani. Ba ta nuna ko ya san dalilin da yaro ya rubuta 35.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba ƙarya ba ne. Akwai makarantun da zuwan 'yan TP hutu ne ga malamansu: a danƙa wa ɗalibi aji mai yara fiye da ɗari, mai ajin ya koma gindin bishiya. Wanda ya wuni a haka, ga kuɗin mota daga aljihunsa, da ƙyar zai riƙe biro. Irinsu nakan ce su rubuta sau biyu a mako.

Roƙona ga masu zuwa dubawa daga kwaleji ɗaya ne. Sau da yawa sufabaiza ba ya wuce darasi guda a aji, shi ma darasin an shirya shi ne musamman domin baƙo. Kafin ya shiga, ya karɓi ƙaramin littafin ya karanta shafi biyu na ƙarshe, sannan ya ce wa ɗalibin a kai shi ajin da ya rubuta cewa yana ba shi wahala.