Darussan da Sassaƙa Lofe Ya Koya Mini

Duk wanda ya ga lofe mai kyau, abin da ke fara ɗaukar hankalinsa shi ne siffarsa da sheƙinsa da zanen da ke jikin itacen. Amma tun da na fara sassaƙa shi a lokutan hutuna, abin da aikin ya fi nanata mini shi ne cewa ingancin lofe yana tattare ne a ramuka uku da ake hudawa tun kafin a taɓa siffarsa ta waje, wato ramin da ake zuba taba, da siririyar hanyar da hayaƙi ke bi, da ramin da ake cusa bakin lofen a cikinsa. Idan waɗannan ukun suka haɗu daidai, lofen zai yi aikinsa ko da siffarsa ba ta burge kowa ba. Idan kuwa suka saɓa, babu gogewa ko rini da zai gyara shi.

Ramin taba yakan kai faɗin milimita 19 zuwa 22 a yawancin lofe, hanyar hayaƙi kuma ba ta cika wuce milimita 4 ba. Wahalar tana wajen haɗa su, domin dole ne wannan ƙaramar hanya ta ɓullo a tsakiyar gindin ramin taba daidai, alhali mai hudawa ba ya ganin inda bakin ƙarfensa ya dosa a cikin itacen. In ta ɓullo sama da gindin, tabar da ke ƙasa ba za ta ƙone ba, sai ta jiƙe ta taru. In ta karkace gefe, wuta za ta riƙa cin ɓangare guda, har ta kai ga ƙona bangon lofen. Shi ya sa na koyi ɗaukar lokaci mai tsawo da fensir da rula, ina zana layukan ramukan a gefen katakon da samansa da gabansa, ina sake auna su, kafin na kunna injin huda. Nakan fara huda hanyar hayaƙi, sannan na riƙa saukar da ramin taba kaɗan-kaɗan, ina tsayawa ina busa ƙurar ina leƙawa da tocila, har sai na hango bakin hanyar ya bayyana a gindi. Daga nan ba na ƙara ko da rabin milimita.

Rami na uku, wato wanda ake cusa bakin lofen a cikinsa, shi ne wanda sababbin shiga suka fi rainawa. Hayaƙin taba yana ɗauke da danshi, kuma duk inda ya tarar da giɓi ko kusurwa a kan hanyarsa, a nan danshin yake zama ruwa. Saboda haka idan ƙarshen bakin lofen bai kai kusa da gindin raminsa ba, ruwa zai taru a sararin da ya rage, lofen ya riƙa ƙara idan an zuƙa. Masu wannan sana'a suna da gwaji mai sauƙi da na ɗauka daga gare su: a zura siririyar wayar nan mai auduga da ake goge cikin lofe da ita, daga baki har zuwa ramin taba. Idan ta wuce ba tare da ta maƙale ba, aikin ciki ya yi.

A ganina, wanda ba shi da injin huda mai tsayawa a kan teburi ya fi dacewa ya fara da katakon da aka riga aka huda aka kuma haɗa masa baki, wanda masu sayar da kayan wannan aiki suke da shi. Babu abin kunya a ciki. Da ƙaramin zarto da magagari da samfefa da abin matse katako zai iya fitar da lofe na farko, ya kuma ga yadda ramukan da ƙwararre ya huda suke zaune.

Game da itace, wanda aka fi amfani da shi a duniya shi ne buraya, wani kumburi ne da ke fitowa tsakanin saiwa da kututturen wata ƙaramar bishiya mai suna Erica arborea, wadda ke tsirowa a ƙasashen da ke kewaye da Tekun Bahar Rum, irin su Italiya da Girka da Aljeriya da tsibirin Kosika. Kumburin yakan ɗauki shekaru 30 ko fiye kafin ya kai girman amfani, kuma bayan an tono shi an yanka, sai an dafa shi cikin ruwa na sa'o'i da yawa don fitar da ƙaro da ɗacinsa, sannan a shanya shi na watanni ko shekaru. Garin Saint-Claude na ƙasar Faransa ya shahara da sarrafa shi tun wajen tsakiyar ƙarni na 19. Abin da ya fifita shi shi ne jure zafin wuta, da rashin nauyi, da shan danshi. Ana yin lofe da wasu abubuwan, kamar farin dutsen nan mai laushi da ake haƙowa a Eskişehir ta Turkiyya, da totuwar masara da ake sarrafawa a jihar Missouri ta Amurka tun 1869, da itacen zaitun, da yumɓu, wanda da shi ne magabatanmu suke gina tukunyar taba.

Da yake buraya sai an yi odarsa daga waje, mutum yakan yi tunanin ɗaukar itacen gida mai tauri. A nan ya kamata a yi hattara ƙwarai, domin tauri kaɗai bai isa ba ga abin da za a hura wa wuta a kuma sa a baki. Maɗaci yana da ɗaci kamar yadda sunansa ya nuna, gwaska kuwa guba ce, katakon da aka yi wa maganin gara kuma bai dace ba sam. Ni dai itacen gida ina amfani da shi ne wajen gwada huda da saba hannu da magagari, ba don a sha taba a ciki ba. Ita kanta tabar, kyan lofe ba ya rage mata illa ko kaɗan, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma abin da ya riƙe ni a wannan aiki sassaƙar ce.

Wajen fitar da siffa, buraya ba ya bin tsarin da mutum ya zo da shi a kowane lokaci. Tun da a cikin ƙasa ya girma, yakan ɓoye ƙananan ramuka da tsakuwa da tsaga, waɗanda ba sa bayyana sai an kusa gamawa. Idan tabon ƙarami ne, ana iya ci gaba da gogewa har ya ɓace, muddin bangon ramin taba bai yi siriri ba, domin siririn bango yana zafi a hannu kuma yana saurin ƙonewa. Idan mai zurfi ne, gara a sauya siffar ko a yi wa jikin lofen sassaƙa mai kaushi da za ta haɗiye tabon. Ana gogewa daga samfefa mai kaushi zuwa mai laushi, har lamba 600 ko sama, ba tare da tsallake mataki ba, saboda rini yana tona duk wani karce da ido bai gani ba. Ƙurar tana da laushi sosai, don haka takunkumin hanci wajibi ne. A ƙarshe ana shafa rinin da aka narka a sifirit, a goge da kakin karnuba da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino ta ƙasar Barazil.

Bakin lofen, wanda ake yi da baƙar roba mai tauri ko akirilik, shi ne ɓangaren da har yanzu ya fi cin lokacina. Ana so ya yi siriri a inda haƙora ke kamawa ba tare da ya yi raunin da zai fashe ba, kuma hanyar cikinsa ta tashi daga zagaye ta baje a hankali zuwa tsaga mai faɗi, yadda yawan iskar da ke wucewa ba zai ragu ba. Da ƙananan magagarai masu kaurin allura ake buɗe wannan tsaga, ana yi ana zuƙar iska ta cikin bakin, kuma muddin aka ji fito, to akwai sauran kusurwa a ciki da ba a goge ba.