Ranar da na yi ekstira a Ƙofar Doka

Daren jiya ɗan yayana ya shigo mini da waya a hannu, bakinsa har kunne. Wai an turo a wani zauren WhatsApp cewa za a tantance sababbin 'yan fim a Kano, amma sai ka fara tura kuɗin fom kafin a gaya maka wurin. "Baffa, ka ranta mini, wallahi wannan karon dama ce." Na ce ya zauna, ya sha shayi tukuna. Ni da na taɓa shiga fim sau ɗaya a rayuwata, ina da ɗan abin faɗa.

Shekarun baya ne, muna zaune a majalisarmu kusa da Ƙofar Doka a Zariya da hantsi, sai ga wani saurayi da takarda a hannu yana haki. Shi ne manajan shirin, PM suke ce masa. Mutum goma yake nema masu babbar riga, za a ɗauki sin ɗin ɗaurin aure a wani zaure. Ba wanda ya tambayi sunana, ba wanda ya ce in karanta komai. Kallon rigata ya yi, ya kalli gemuna, ya ce, "Malam, kai ka dace da dangin ango." Tantancewar ke nan gaba ɗayanta. Haka ake ɗibar yawancin 'yan ekstira, wato masu cike taro, a fina-finanmu: wanda ke kusa, mai kayan da suka dace, mai lokacin ɓatawa.

Lokacin kuwa sun ɓata shi. Tun hantsi muke kan tabarma har bayan La'asar, jarumin bai iso ba sai da rana ta take. Da aka fara, ka'ida biyu aka kafa mana. Kada ka kalli kyamara, ko da ta zo dab da hancinka. Sannan ku yi ta motsa baki kamar kuna gaisawa, amma kada sauti ya fita, don makirfon na kan liman da waliyyi. Ka gwada yi wa mutum "ina gajiya" babu murya sau bakwai a jere, ka ga yadda dariya ke cin rai.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne hula. Da muka je sallar Azahar na biya gida, na ajiye zanna bukar ɗina na sako wata fara. Muna zama wata yarinya mai littafi ta nuno ni: "Baba, ba wannan hular ce a kanka ɗazu ba." Ita ce mai kwantiniti, aikinta ke nan, ta tabbatar abin da aka ɗauka da safe ya haɗu da na yamma. Sai da aka tura yaro a kan babur ya ɗauko mini hular.

Can sai darakta ya ce yana son mutum ɗaya ya leƙo zaure ya ce motar ango ta iso. Ya nuna ni. Aka ce akshin, na leƙa na ce, "Motan ango ya iso!" Zauren ya kwashe da dariya. Zazzaganci ya tona mini asiri, labarin kuma a Kano aka kafa shi. Aka ba wani layin. Har yau 'yan majalisa "motan ango" suke kirana.

Manyan matsayi kuwa wata hanyar ce daban. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 har zamanin faifan CD, fuskar da za ta sayar da fim ake nema, kuma 'yan kasuwar fina-finai na Ƙofar Wambai da na Bata a Kano suna da ta cewa kan wanda zai hau fosta. Yanzu da harkar ta koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango a tashoshi irin Arewa24, lissafin bai canza sosai ba: wa mutane za su danna su kalla? Sabon shiga yawanci ta hannun maigida yake bi. Ya yi ta zirga-zirga a ofisoshin 'yan fim na Zoo Road a Kano, ya riƙe jaka, ya riƙe fitila, a ba shi ɗan aike, a ba shi abokin jarumi, a hankali a san fuskarsa. A Kano kuma akwai batun rajista da Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001, ga kuma ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN.

Tantancewa ta gaskiya na gan ta da idona, amma a Samaru, a Drama Village, dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar ABU, cikin zagayen ɗakunan ƙasan nan, ranar da na raka wani ɗalibina. Shafi ɗaya ake miƙa maka. Ka faɗi sunanka, ka karanta da wani, sai malamin ya ce sake yi, amma yanzu kana jin tsoron mutumin. Abin da suke dubawa shi ne ko kana jin gyara. Wanda ya yi kuka mai kyau amma ya kasa canzawa, ba a sake kiransa ba. Ban ga an karɓi ko sisi a ƙofa ba.

Na tambayi ɗan yayana sunan kamfanin da ke neman kuɗin fom. Ya duba, babu. Sunan darakta? Babu. Lambar asusu ce kawai, da hoton wani jarumi da aka yanko daga Facebook. Ya yi shiru yana juya kofin shayi, can ya ce, "To Baffa, kai nawa aka ba ka?"

Shinkafa da miya a roba, da ɗan kuɗin da bai wuce na wankin babbar rigar ba. Da fim ɗin ya fito na saya, muka zauna da iyali muna jira. Gwiwata ta hagu da gefen hular ne suka fito, a bayan liman.